Ƙanƙarar 'Ya'yan Itace a Gida: Zaƙi, Laushi da Tsafta a Lokacin Bazara

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Damagaram, da wuya a sami hajar da ke yin kasuwa a unguwanni kamar ƙanƙara, ko dai zallarta da ake saya a jefa a randa da kula, ko kuma mai zaƙi da ake ƙullawa a ƙananan ledoji ana sayar wa yara a ƙofar makaranta. A daidai wannan lokaci ne kuma mangwaro ke cika kasuwa har ya yi kwantai, kankanar noman rani ta yi arha, abarba da ayaba da lemo suke ta shigowa daga kudu zuwa manyan kasuwanni irin su 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano, inda rana ɗaya ta zafi ta isa ta mai da kaya mai kyau abin zubarwa. Haɗuwar zafi mai tsanani da yalwar kayan marmari masu saurin lalacewa ita ce ta sa daskarar da 'ya'yan itace a gida ya zama aiki mai ma'ana, domin yana ceton abin da zai ruɓe, yana kuma ba iyali abin sanyaya maƙogwaro wanda uwar gida ta san duk abin da ya shiga cikinsa.

Yawancin ƙanƙara mai zaƙi da ake talla ba ta da alaƙa da 'ya'yan itace sai ta launi da ƙamshi, domin abin da ke cikin ledar bai wuce ruwa da sukari da garin kala da ɗan turaren abinci ba, wasu masu sana'ar kuma sukan rage tsadar sukari da sakarin, wanda ɗan ƙanƙaninsa ke zaƙaƙa bokiti guda. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a shekarar 2015, ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, ta kuma ce saukar da shi ƙasa da kashi 5 ya fi alheri, wato kimanin giram 25 ko cokalin shayi 6 ga babban mutum. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne hukumar ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse aka tace a cikin wannan rukuni, amma ba ta lissafa zaƙin da ke cikin ɗan itacen da aka ci da tsokarsa ba. Saboda haka wanda ya cire sukari ya zuba zuma daidai yawansa bai yi nisa ba, ya sauya ɗanɗano ne kawai ya ƙara wa aljihunsa nauyi.

Sai dai cire sukari gaba ɗaya yana da nasa sakamakon, kuma duk wanda ya taɓa sa ruwan lemo zalla a firiza ya ga wannan sakamako: dunƙule mai tauri da haƙori ba ya iya gatsawa, wanda sai an yi ta tsotsa kafin a sami ɗan ɗanɗano. Dalilin haka yana cikin yadda ruwa ke daskarewa. Ruwa mai tsabta yana zama ƙanƙara a digiri 0, amma duk abin da ya narke a cikinsa, sukari ne ko gishiri, yana saukar da wannan mataki ƙasa, ta yadda sai sanyi ya ƙaru kafin ya daskare. Idan aka sa ruwa mai sukari a firiza, ruwan ne kaɗai ke rikiɗa zuwa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, sukarin kuwa yana taruwa a ɗan ruwan da ya rage tsakanin ƙwayoyin, yana ƙara kauri, har ya kai matsayin da sanyin firiza na gida, wanda yake kusan digiri 18 ƙasa da sifiri, ba ya iya daskarar da shi duka. Wannan ɗan ruwa mai kauri da ya ƙi daskarewa shi ne ke raba ƙwayoyin ƙanƙara da juna, shi ne kuma sirrin laushi. Ana ganin shaidar haka a hannun kowane yaro da ya huda kusurwar leda yana tsotsar ƙanƙarar zoɓo: jan launin da zaƙin su ne ke fara fitowa, su bar masa farin dunƙule marar ɗanɗano a ƙarshe, saboda tun farko zaƙin bai shiga cikin ƙwayar ƙanƙarar ba, a tsakaninta ya maƙale. Masu yin irin wannan kaya a masana'antu sun san wannan lissafi, shi ya sa sukari yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na haɗinsu, ba don zaƙi kaɗai ba, har don kada kayan ya yi tauri.

Akwai kuma wata matsala ta biyu, wato sanyi yana dakusar da harshe, ta yadda abin da aka ɗanɗana aka ji zaƙinsa daidai kafin a daskarar zai fito salam bayan ya daskare. Waɗannan dalilai biyu su ne ke tura mai haɗawa ya riƙa ƙara sukari, kuma aikin wanda ke son ƙanƙara mai amfani ga jiki shi ne ya sami laushi da zaƙi ta wata hanyar.

Hanyar kuwa ita ce a yi amfani da tsokar ɗan itacen gaba ɗaya maimakon ruwansa da aka tace. A cikin tsoka akwai abin da masana abinci ke kira faiba, wato zare-zare da ɓangarorin tsiro da hanji ba ya narkarwa, akwai kuma faktin, sinadarin da ke sa markaɗaɗɗen ɗan itace ya yi kauri da yauƙi. Waɗannan suna riƙe ruwa, suna shiga tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara su hana su girma da haɗewa, don haka suna yin wani ɓangare na aikin da sukari ke yi ba tare da illarsa ba. Sannan a cikin ciki suna rage saurin da zaƙi ke shiga jini, suna kuma sa a ji an ƙoshi. Idan aka auna 'ya'yan itacen bazara da wannan ma'auni, mangwaro ne ke kan gaba, domin nunanne yana da sukari na halitta kusan kashi 14 cikin 100 ga kuma tsoka mai kauri, sai ayaba da ke biye masa, sannan gwanda da gwaiba da abarba, kankana kuwa tana can baya tunda kusan kashi 92 cikin 100 na nauyinta ruwa ne.

Mangwaron da ya fi dacewa shi ne wanda ya nuna sosai har ya fara laushi a hannu, ƙamshinsa na tashi daga gindinsa, irin wanda mai talla ke karya wa farashi da yamma saboda ba zai kwana biyu ba. Amma wanda ya fara tsami irin na ruɓa ko ya yi baƙin tabo mai zurfi ba ya cikin wannan lissafi. Ana wanke shi kafin a fere, a yanke tsokar daga jikin ƙwallon, a markaɗa a blanda ko a dame da ludayi. Ƙananan mangwaron gargajiya masu yawan zare sun fi manyan na aure zaƙi da ƙamshi a lokuta da dama, sai dai zarensu yana maƙalewa a haƙori, don haka ana matse su da hannu a wuce da su ta rariya mai manyan ido, wadda za ta tare dogon zare ta bar tsoka ta wuce. Kofi biyu na wannan markaɗe, da kofi ɗaya na kindirmo ko yogot marar sukari, da ruwan rabin lemon tsami, da ɗan gishiri abin da yatsu biyu za su ɗauka, sun isa su cika ƙananan kofuna 8 zuwa 10. Maiƙo da furotin da ke cikin kindirmo suna ƙara laushi, lemon tsami yana farkar da ɗanɗanon da sanyi zai dakusar, gishirin kuma yana fito da zaƙi ba tare da an ji shi ba. Haɗi irin wannan, in mangwaron ya nuna da gaske, ba ya buƙatar ko cokali ɗaya na sukari.

Ayaba tana da wata baiwa da sauran ba su da ita. Idan aka ɓare nunanniya wadda ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, aka yanka ta ƙanana, aka shimfiɗa a faranti aka daskarar, sannan aka zuba a blanda, da farko takan farfashe ta zama ɓarɓashi kamar tsaki, sai ta dunƙule ta manne a gefe har mai aiki ya ɗauka abin ya ɓaci, amma in aka kankare gefen aka ci gaba da niƙa na ɗan lokaci sai ta saki gaba ɗaya ta zama fara-fara mai santsi da ba a bambanta ta da askirim a ido. Faktin da sauran sitaci da ke cikinta ne ke yin wannan aiki, tare da iskar da niƙan ke cusawa. Ana iya ƙara cokali ɗaya na tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko garin koko marar sukari, ko 'yan yankakken mangwaro, kuma ayaba guda ɗaya da aka jefa cikin haɗin duk wani ɗan itace mai yawan ruwa tana gyara masa jiki. Aibinta shi ne saurin yin duhu da zarar iska ta taɓa ta, aikin wani sinadari da ke cikin tsokarta, kuma ɗigon lemon tsami yana rage wannan.

Kankana ba ta yarda da a bi da ita yadda ake bi da mangwaro, kuma ƙoƙarin tilasta mata yin laushi ta hanyar loda sukari ɓata lokaci ne. Abin da ya dace da ita shi ne dabarar da mutanen tsibirin Sisili na ƙasar Italiya suka shahara da ita: a cire 'ya'yan, a markaɗa, a matsa lemon tsami da ɗan ganyen na'ana'a, a zuba a faffaɗan tire marar zurfi, sannan bayan kowane minti 30 zuwa 40 a fito da shi a kankare abin da ya fara daskarewa daga gefe zuwa tsakiya da cokali mai yatsu. Bayan an maimaita haka sau uku ko huɗu za a sami tarin ɓarɓashin ƙanƙara ja mai sauƙin ɗiba da cokali, wanda ke narkewa a baki nan take. Mai son abin da ya fi wannan sauƙi sai ya yanka kankanar dogaye, ya soka tsinke, ya daskarar da ita yadda take.

Abubuwan sha na gargajiya suna da nasu gurbi, ko da yake su ne suka fi jan sukari saboda tsaminsu. Zoɓo da tsamiya ruwa ne zalla bayan an tace, ba su da tsokar da za ta riƙe su, don haka gyaransu shi ne a haɗa su da abin da ke da ita: zoɓo da markaɗaɗɗiyar abarba da ɗan citta, tsamiya kuwa da dabino da aka jiƙa a ruwan zafi aka cire ƙwallon aka niƙa. Dabino, ko na Dutse ne ko wanda ake kawowa daga Agadas da ƙasashen Larabawa, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshensa sukari ne, saboda haka ba a ɗauke shi a matsayin abin da za a zuba ba iyaka. Fifikonsa a kan farin sukari shi ne yana zuwa da faiba da ma'adanai irin su fotashiyam, yana kuma ƙara kauri. Garin 'ya'yan kuka, wanda ake kira kwalba, ya fi su duka dacewa da daskarewa, domin yana da faktin mai yawa da bitamin C, kuma da zarar an jiƙa shi an dama yakan yi kauri da kansa. Haɗinsa da nono, wanda dama sananne ne a ƙasar Hausa, yana ba da ƙanƙara mai santsi da ɗan tsami-tsami. Kunun aya ma yana daskarewa da kyau saboda maiƙonsa, amma a zafin bazara yana lalacewa cikin 'yan sa'o'i, don haka daga tacewa sai firiza.

Abarba da gwanda suna ɗauke da sinadaran da ke narkar da furotin, shi ya sa masu girki ke tausasa nama da su, kuma wannan aikin ne suke yi wa madara: in aka haɗa ɗanyarsu da nono ko yogot aka bari ya jima kafin ya daskare, haɗin yakan tsinke ya yi ɗaci. Ɗan tafasa markaɗen na minti biyu ko uku yana kashe ƙarfin sinadarin, ko kuma a bar su su kaɗai ba madara. Gwaiba tana da bitamin C da ya ninka na lemon zaƙi kusan sau huɗu, sai dai 'ya'yanta masu tauri dole a tace su, domin idan suka daskare suna iya fasa haƙori.

Wannan sana'a ta daskarar da tsokar 'ya'yan itace a kan tsinke ta fi bunƙasa a ƙasar Meziko, inda mutanen wani ƙaramin gari mai suna Tokumbo a jihar Micowakan suka fara bazuwa da ita zuwa manyan birane tun shekarun 1940, suna yin ta da mangwaro, tsamiya, gwaiba, kankana har ma da zoɓo, wani lokaci da ɗan barkono da lemon tsami, wato kusan duk abin da ake samu a kasuwannin arewacin Najeriya da kudancin Nijar. A Amurka kuwa, inda Frank Epperson ya yi wa ƙanƙarar tsinke rajista a shekarun 1920 aka kuma san ta da sunan Popsicle, hanyar ruwa da sukari da kala ce ta yi rinjaye, irin wadda ake gani a ledojin ƙofar makaranta.

Saurin daskarewa yana da tasiri a kan laushi kusan kamar na kayan haɗi, domin ruwan da ya daskare da sauri yana yin ƙwayoyi ƙanana masu yawa, wanda ya daskare a hankali kuma yana yin manya masu kaifi da ke ƙaras-ƙaras a baki. Saboda haka ƙaramin mazubi ya fi babba, haɗin da aka fara sanyaya shi a firji ya fi wanda aka zuba da ɗuminsa, kuma jera mazuban a ƙasan firiza ko a jikin bangonta, da 'yar tazara tsakaninsu, ya fi cusa su wuri guda. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, don haka ana barin ɗan sarari a saman kofi, ana kuma ƙulla leda da ɗan sassauci. Tsinke ba ya tsayuwa a cikin ruwa, sai a jira kamar sa'a ɗaya haɗin ya fara kamawa sannan a soka. Ƙananan kofuna sukan daskare cikin sa'a 4 zuwa 8 gwargwadon ƙarfin firiza, kuma idan za a cire, tsoma gindin kofin a ruwa na 'yan daƙiƙoƙi ya isa. Game da leda, sabuwa wadda aka yi don abinci ce kaɗai ta dace, ba a hura ta da baki don a buɗe, ba a kuma zuba mata abu mai zafi.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne zaton cewa sanyi yana tsarkake abinci. Daskarewa tana dakatar da yaɗuwar ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta kashe yawancinsu, kuma da zarar ƙanƙara ta narke a baki ko a ciki sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa da na ciwon hanta nau'in A duk suna iya rayuwa na wani lokaci a cikin ƙanƙara. A shekarar 2016 sama da mutum 100 sun kamu da ciwon hanta nau'in A a Amurka ta hanyar daskararrun 'ya'yan sitirobari da aka markaɗa a abin sha, a ƙasar da firiza ba ta rasa wuta. Tunda wannan abinci ne da ba ya hawa wuta, duk tsaronsa yana kan abin da aka yi kafin ya shiga firiza: ruwan haɗi da na wanke 'ya'yan itace ya zama wanda aka tafasa ya ɓararraka na aƙalla minti ɗaya ko aka sa masa maganin tsarkake ruwa, a wanke hannu da sabulu, wuƙa da katakon yanka kada su zama waɗanda aka taɓa ɗanyen nama da su. Kankana musamman tana buƙatar a wanke bayanta kafin a yanka, domin a ƙasa take kwance tun daga gona, kuma wuƙa ce ke ɗaukar dattin ɓawo ta kai shi cikin tsoka. Wadda aka saya a yanke a bakin titi ba ta dace da wannan aiki ba. Madarar shanu kuwa sai an tafasa ta kafin a yi kindirmo, saboda ɗanyarta na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na cutar bakkale.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa daga kasuwa. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kan nunar da mangwaro da ayaba da kabaid, sinadarin da masu walda ke amfani da shi, kuma ɗan itacen da aka yi wa haka yakan yi launi mai kyau a waje alhali cikinsa na da tsami da ƙarancin ƙamshi, wanda ko ba don lafiya ba ma bai dace da ƙanƙarar da ta dogara da zaƙin halitta ba. A shekarar 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasa rayukansu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin da aka sayar da sunan ɗan tsami. Lemon tsami na gaske, ko tsamiya, ko kwalba, suna ba da duk tsamin da ake buƙata, ba sai an nemi farin gari marar suna daga buhun da ba a san asalinsa ba.

Ta fuskar abin da take yi wa jiki, ƙanƙara tana sanyaya fiye da ruwan sanyi saboda narkewarta tana shan zafi mai yawa: zafin da ake buƙata don narkar da giram ɗaya na ƙanƙara daidai yake da wanda zai ɗaga giram ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Duk da haka kofi ɗaya ƙarami ba ya maye gurbin ruwan da gumi ke fitarwa a yinin bazara, kuma mutumin da zafi ya buge har ya fara ruɗewa ko suma asibiti yake buƙata. Daskarewa ba ta lalata yawancin sinadaran gina jiki, bitamin C ma yana raguwa ne a hankali, don haka ƙanƙarar tsokar mangwaro ko gwanda tana shiga lissafin giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye da Hukumar Lafiya ta Duniya ke son kowa ya ci a yini. Maganar da ake yawan yi cewa shan ƙanƙara ne ke kawo ciwon nimoniya ba ta da tushe, domin ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Ɗan ciwon goshin da ke zuwa idan an haɗiye da gaggawa kuwa yana wucewa cikin daƙiƙoƙi. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko kaɗan, wanda bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, ƙananan yara kuma ana ba su mai laushi a cokali maimakon dunƙulen da zai iya sarƙe su. Mai ciwon sukari ya kamata ya lissafa mangwaro da ayaba da dabino cikin abincinsa na yini, tunda zaƙin halitta ma zaƙi ne, kuma kurkure baki da ruwa bayan tsotsar mai tsami yana kare haƙora.

Babban abin da ke dagula wannan aiki a yawancin gidaje shi ne rashin tsayayyar wutar lantarki, wanda kuma yakan tsananta a daidai lokacin zafi. Duk sanda ƙanƙara ta ɗan narke ta sake daskarewa, ƙananan ƙwayoyinta suna haɗewa su zama manya, laushin da aka sha wahalar samu ya tafi. In kuma ta narke gaba ɗaya ta ɗau ɗumi, musamman mai madara, ƙwayoyin cuta sun sami damar yaɗuwa, kuma sake daskarar da ita ba ya mai da hannun agogo baya. Firiza da ke cike tana iya riƙe sanyi kusan kwana biyu in ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa kusan kwana ɗaya, a ɗaki mai zafi ma ƙasa da haka, shi ya sa cike gurbin da ya rage da robobin ruwa yake da amfani. Wata dabara mai sauƙi ita ce a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora kwandala ko tsakuwa mai tsabta a kansa a bar shi a firiza: in aka tarar da ita ta nutse ƙasa, to kayan sun narke sun sake kamawa a bayan idon mai gida. Inda wuta ke tsaye, ko firiza mai aiki da sola, ƙanƙarar da aka rufe da kyau tana riƙe ɗanɗanonta wata ɗaya zuwa biyu. Inda ba ta tsaye, yin kaɗan-kaɗan da za a shanye cikin kwana biyu ko uku ya fi hikima.

Gidan da ba shi da firiza ma bai fita daga lissafi ba. Tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, wadda ta sa ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000, tana sanyaya kayan marmari ta hanyar bushewar ruwa daga jiƙaƙƙen yashi, tana kuma ƙara musu kwanaki, amma ba ta kai ga daskarar da komai. Abin da ke daskararwa ba wuta shi ne ƙanƙarar saye da gishiri. Gishiri yana tilasta wa ƙanƙara narkewa a ƙasa da sifiri, narkewar kuma tana zuƙe zafi daga duk abin da ke kusa, har ruwan gishirin ya iya sauka zuwa kusan digiri 21 ƙasa da sifiri idan aka haɗa awo uku na ƙanƙara da awo ɗaya na gishiri. A kan wannan ka'ida Nancy Johnson ta gina injin askirim mai juyawa da hannu da ta yi wa rajista a Amurka a 1843, kuma har yau masu tallar kulfi, wani irin askirim na gargajiya, a Indiya suna binne gwangwanayensu a tukunyar ƙasa cike da ƙanƙara da gishiri. A gida, ana farfasa dunƙulen ƙanƙara a cikin buhu mai tsabta, a zuba a kula ko bokiti mai murfi, a barbaɗa gishiri mai tsakuwa tsakanin kowane hawa, sannan a cusa ƙananan ledojin haɗin da aka ƙulla sosai aka kuma ninka da wata leda. Ana jijjiga mazubin ko a riƙa juya ledojin lokaci-lokaci, da tsumma a hannu domin wannan sanyi yana ƙona fata, kuma cikin minti 15 zuwa 30 haɗin mangwaro ko na ayaba zai kama ya yi kauri. Tunda ƙanƙarar saye ba ta taɓa abincin, rashin sanin ruwan da aka yi ta da shi bai zama matsala ba, muddin an ɗauraye bayan ledar da ruwa mai tsabta kafin a kwance, kuma abin da aka yi ta wannan hanya a take ake shan sa, domin da gishirin ya gama cinye ƙanƙarar sanyin zai fara ja da baya.